Ƙarfen da Ke Shan Ruwa

Litinin, 5 ga Maris, bayan La'asar

Littafin lissafina ne na aji shida, ya yi saura da yawa. Ba wanda zai buɗe littafin lissafi a gidan nan, shi ya sa na zaɓe shi in riƙa rubuta sirrina a ciki.

Yau kwanan Ruƙayya tara a gidanmu. 'Yar Baffa ce na Gubi, ƙanen Babanmu. An kwantar da mahaifiyarta a asibiti, ba a gaya mana abin da ke damunta ba, in mun shigo sai manya su yi shiru. Sa'ata ce, wata biyu kawai ta ba ni. Tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Tana da kirki. Kowa haka yake faɗa, sau goma a rana.

Yayana Hamma Mansir yana da situdiyo a ɗakin da ke jikin zaure, inda Baba ke ajiye buhunan hatsi a da. Ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, ya toshe taga da tsohuwar katifa. Akwai babbar kwamfuta, da makirufo mai doguwar ƙafa, da abin sa wa kunne. Makarantun Islamiyya ke kawo masa aiki. Shekara biyu ke nan, duk waƙar da ake son muryar yarinya a ciki, ni ce. Ba wanda ya sani sai 'yan gidanmu. A makaranta in Malama ta kira sunana ko "na'am" ba ta fita sosai. Amma a ɗakin nan in Hamma ya rufe ƙofa ya juya min baya, don haka muka yi da shi, ba ya kallona, sai murya ta zo. Ban san inda take ɓuya sauran lokaci ba.

Malama Khadijatu ta Islamiyyarmu ta ba shi waƙar walimar sauka, ranar Lahadi takwas ga Afrilu. Shi ne aiki mafi girma da ya taɓa samu. Baba ya ce in wannan ma bai zama abin kirki ba, ɗakinsa yake so kafin damina, shagonsa na kasuwar Muda Lawal ya cika.

Tun makon jiya na haddace baitocin.

Ɗazu Ruƙayya na wanke-wanke tana rera su. A bakina ta ji. Hamma ya fito da abin kunne rataye a wuya, ya tsaya cak, ya ce, "Wace ce wannan?"

Mu biyu ne kawai a tsakar gida. Kuma ya san tawa.

Talata, 6 ga Maris, da hantsi

Bayan situdiyo akwai wani ɗan lungu tsakanin bangon ɗakin da katanga. Ba mai shiga sai ni, don ni ce siririya. A can ƙarfen yake.

Bara waccan da Malam Andrawus mai gyaran wuta ya zo haɗa wayoyin ɗakin, ya haƙa rami a lungun, ya kafa dogon ƙarfe, ya ɗaura masa koriyar waya da ta fito daga ɗaki. Ya aiki Hamma sayo gishiri da gawayi, ni ce na riƙe masa fitila. Ya ce da ni da irin Hausarsa, "Yelwa, ka ga wannan ƙarfe? Duk mugun wuta da ya rage a kayan yayanka, ta nan yake bi ya shiga ƙasa. Amma busasshen ƙasa ba ya karɓa. Yana shan ruwa kamar mutum. In zafi ya zo, kullum ka ba shi, ka ji?" Na ɗaga kai. Ya yi dariya ya ce ya naɗa ni injiniya.

Tun ranar kullum nake kai masa bokitin ruwan wanke-wanke. Na shuka daddoya a gefensa tunda ruwan na zuba banza. Kowa ya ɗauka daddoyar nake shayarwa. Har Hamma. Ban taɓa faɗa ba, ina jin daɗi akwai abu ɗaya na situdiyon da ni kaɗai na sani.

Yau na shiga da bokiti. Ta gefen katifar tagar ana jin komai. Ruƙayya ce a ciki. Ta ɗauki baitin farko, ta kai wurin nan da nake sarƙewa sai na ja numfashi, ita ta wuce kamar tana saukowa daga kan dakali.

Hamma ya yi tafi. Ni bai taɓa min tafi ba. Ya ce, "Kai! Sake, sake! Wallahi irin muryar da nake nema ke nan tun bara."

Tun bara.

Na fito da bokitina yadda na shiga da shi. Na juye a rariyar tsakar gida.

Laraba, 7 ga Maris, da yamma

Ban je bayan ɗaki ba.

Alhamis, 8 ga Maris

Hamma ya ce, "Auta, wannan karon ki huta, ki bar wa baƙuwa." Na ce to. Ya ce, "Ba ki ji haushi ba ko?" Na ce a'a. Ya shafa kaina ya wuce yana fito.

Asabar, 10 ga Maris, bayan Azahar

Inna ta ba Ruƙayya shuɗin hijabina, wai ya yi min gajere. Bai yi ba.

Ita Ruƙayya ba sai an juya mata baya ba. Ƙofa ma a buɗe take waƙa, tana kallon mutum cikin ido. Har Inna ta bar tuwo a wuta ta je ta leƙa.

Ana zafi. Ƙasa har tsagewa take.

Laraba, 14 ga Maris, bayan La'asar

Hamma ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce akwai wani ƙugi a ƙarƙashin muryar Ruƙayya, duk abin da suka ɗauka jiya da yau ya lalace. Ya sa min abin kunne na ji. Mmmmmm, ba ya tsayawa, kamar ƙudan zuma ya faɗa tulu.

Ya ce, "Kin taɓa jin irinsa lokacin da muke aiki?"

Na ce ban taɓa ba. Gaskiya na faɗa.

Alhamis, 15 ga Maris, da rana

Yau gidan ya koma kamar gidan makoki saboda ƙugi. Hamma ya kashe fanka, suka yi ta zufa a ciki, ƙugi na nan. Ya kashe dogon ƙwan fitila ya kunna tocila, yana nan. Ya cire cajar kowa daga bango. Daga nan ya zo kan firizar Inna.

Inna ta ce, "Ka taɓa min firiza ka gani. Zoɓon mutane ne a ciki da kunun aya."

"Inna minti goma kawai."

"Minti gomanka na sani, ranar da ka ce za ka gyara rediyon Babanku ma minti goma ne. Ga shi can kaji na ƙwai a ciki."

Ruƙayya ta yi dariya har da riƙe ciki, Inna ma ta biye mata. Da ni ce na yi dariyar, da an ce ba ni da kunya.

An cire firizar awa biyu. Zoɓo ya narke. Ƙugi na nan.

Asabar, 17 ga Maris

Hamma ya aro sabuwar wayar makirufo wurin abokinsa. Ya raba wayoyin wuta da na murya, wai ba sa son haɗa hanya. Ya roƙi maƙerin lungunmu ya dakata da bugun ƙarfe daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, ya kore zakaran Inna zuwa gidan maƙwabta, ya jira injin markaɗe ya yi shiru, ya jira 'yan acaɓa su wuce. Duk waɗannan da ma ya saba fama da su. Da suka yi shiru sai ƙugin ya ƙara fitowa fili, shi kaɗai.

Ya ce da kwamfuta ta cire shi. Ta cire, amma ta haɗa da rabin muryar. Ruƙayya ta koma kamar mai waƙa a cikin gwangwanin madara.

Na fita waje don kada a ga fuskata.

Litinin, 19 ga Maris, da safe

Daga bakin lungu na hango daddoya ta sunkuyar da kai. Hanya ce ta biyo da ni, ba zuwa na yi ba.

Talata, 20 ga Maris, bayan Azahar

Muna kwance a inuwa muna fifita. Ruƙayya ta ce, "Yelwa, ashe ke ce mai waƙar allo da tawada ɗin nan?"

Na ci gaba da fifita.

"Hamma ne ya gaya min. Wallahi a Gubi kowa yana da ita a waya. Dada ma, mahaifiyata, in tana tatsar nono ita take sawa. Na ce da Hamma ya sa ki yi min amshi, ni kaɗai ba daɗi."

Yi min amshi. Ni zan tsaya a bayanta ina maimaita ƙarshen maganarta, a ɗakin da na shekara biyu a ciki. Kuma Hamma ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ita sati uku kawai ta yi ya kwashe komai ya ba ta.

Na ce maƙogwarona na ciwo. Ta tashi ta dafo min citta da zuma. Na sha, don ba yadda zan yi. Ta fi ni murya, ta fi ni fari, yanzu kuma ta fi ni kirki. Ko guda ɗaya ba ta bar min ba.

Alhamis, 22 ga Maris, da yamma

Baba ya dawo daga kasuwa ya tsaya a ƙofar situdiyo yana auna faɗin ɗakin da taku. Da zai fita ya ce, "Buhu arba'in zai ci, in an cire kwalayen ƙwan nan."

Hamma bai ci abinci ba. Ya kira Malam Andrawus, ya ce yana ƙauyensu, sai bayan bikin Ista zai dawo, kuma layin ya yi ta yankewa ba su ji juna ba.

Da na ji ya ambaci sunan, cokali ya faɗi daga hannuna. Inna ta ce me ke damuna kwana biyun nan. Na ce zafi.

In aka mayar da ɗakin na buhuna, ni ma ba ni da wurin. Na sani. Na kwana biyu ina gaya wa kaina. Gobe zan je.

Juma'a, 23 ga Maris

Na cika bokiti. Sai na ji ta fara.

Ban je ba.

Asabar, 24 ga Maris, bayan La'asar



Gaban makirufo akwai wata tsohuwar rariyar tankaɗe da Hamma ya lulluɓe da safa, don kada iskar baki ta buge shi. Yau ya cire ta. Ya ce Ruƙayya ta matso sosai, bakinta dab da ƙarfen, shi kuma ya rage ƙarfin na'ura, ko muryar za ta danne ƙugin. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa.

Sai ƙara. Ba irin ta waƙa ba.

Wuta ce ta ja ta a leɓe. Ta zabura, ta buga bakinta a jikin ƙarfen, makirufo ya kife. Ta fito da gudu hannu a baki, jini na bin yatsunta, ya ɗiga a kan shuɗin hijabin. Inna na salati, Hamma na cewa, "Sannu, sannu, innalillahi, ni ne, laifina ne."

Ni na kawo ƙanƙara daga firiza. Ni na riƙe mata. Ta dube ni da ido cike da hawaye ta ce, "Na gode, 'yar'uwa."

Malam Andrawus bai ce abin yana jan mutum ba. Ko ya faɗa? Mugun wuta ya ce. Ya faɗa.

Lahadi, 25 ga Maris, da rana

Mata sun shigo yi wa Ruƙayya sannu. Hamma ya yi kuskure ya faɗa a gabansu cewa ya lura in ta matso kusa da makirufo ƙugin ƙaruwa yake, in ta ja baya ya ragu. Wata maƙwabciyarmu ta tafa hannu ta ce, "To ai shi ke nan. Akwai masu irin jikin nan. Kafin ta zo kun taɓa jin wani ƙugi?"

Inna ta ce a bar maganar. Amma ba ta ce ƙarya ne ba.

Ruƙayya ba ta shiga ɗakin da takalmi, ladabi ne ya hana ta, a kan siminti take tsayawa ƙafa ba komai, jiki duk zufa. Hamma kuwa da silifas yake zama a kan darduma. Ko wa ya tsaya a wurinta haka zai yi. Ni na lura. Ba wanda ya tambaye ni.

Talata, 27 ga Maris, bayan Magariba

Ruƙayya ta ce ko kusa da ƙofar ba za ta ƙara zuwa ba. Saura kwana goma sha biyu.

Hamma ya same ni a madafa. Ya tsuguna, ya daɗe yana wasa da ashana. Ya ce, "Auta, na san ban kyauta miki ba. Ki taimake ni. Ko da ƙugin ne mu yi, in kai wa Malama abin da ya samu. Zan mayar da rariyar, ki sa takalmi, ba abin da zai same ki."

Na ce to.

Sati uku ina jiran wannan maganar. Na ɗauka za ta fi haka daɗi.

Laraba, 28 ga Maris, da sassafe

Bokiti huɗu. Da gishirin Inna, ƙulli guda. Ƙasar ta shanye na farko kamar ban zuba komai ba.

Daddoya ta mutu. Na taɓa ta ta karye.

Inna ta ce wane ne ya ƙarar mata da ruwan duro tun da safe. Na ce wanki na yi.

Laraba, da yamma

Na ce da Hamma maƙogwarona bai gama warwarewa ba, a bari sai gobe. Na ƙara bokiti biyu.

Alhamis, 29 ga Maris, bayan Azahar

Ya rufe ƙofa. Ya juya min baya. Ya kunna, ya sa abin kunne.

Ya cire, ya duba waya ko ta zare. Ya mayar. Ya ƙara ƙarfin na'ura har ƙarshe. Ya juyo ya kalle ni, ya manta da ƙa'idarmu.

"Yelwa. Babu."

Na ce me.

"Babu shi! Shiru! Ji, ji!"

Na ji. Shiru ne irin na da, har ana jin numfashina da motsin hijabina.

Sau uku kawai na yi ta zauna. Wurin da nake sarƙewa ma na wuce shi. Hamma ya fita tsakar gida yana kiran Inna, ya kunna musu da ƙarfi. Inna ta ce, "Ikon Allah." Daga nan ta kalli inda Ruƙayya ke zaune, ta yi sauri ta ɗauke kai. Hamma ma ya kalla. Kowa ya kalla ya ɗauke kai.

Ruƙayya ta ce, "Barka, Yelwa. Ta yi daɗi." Leɓenta bai gama saɓewa ba, maganar a karkace ta fito.

Juma'a, 30 ga Maris

Hamma ya aika wa Malam Andrawus saƙo ba sai ya zo ba, abu ya gyaru da kansa. Baba ya saurari waƙar har ƙarshe ya ce, "Ba laifi." A bakin Baba wannan babbar magana ce.

Ba wanda zai taɓa sani. Shi ke nan. Na sami abin da nake so.

Asabar, 31 ga Maris, bayan Islamiyya

Labari ya riga mu zuwa makaranta. Suna ce wa Ruƙayya Mai Wuta. Wata ta miƙa mata hannu za su gaisa sai ta janye tana tsalle tana ihu wai an ja ta, aji duka aka kwashe da dariya. Ruƙayya ta yi murmushi kawai. Ina zaune kusa da ita. Bakina bai buɗe ba. Da ma ba ya buɗewa, kowa ya san ni, ba wanda zai ga laifina.

A gida na lura ta daina taɓa firiza. In Inna ta aike ta ɗauko zoɓo sai ta ce in taya ta. Ko fitila ba ta kunnawa. Wanke-wanke ma shiru take yin sa yanzu.

Lahadi, 1 ga Afrilu, da hantsi

Baffa zai zo jibi ya kai Ruƙayya duba mahaifiyarta. Muna ninke kaya ta ce ba za ta je ba.

Na ce don me.

Ta daɗe tana gyara bakin zane ɗaya. Ta ce, "Yelwa, in tambaye ki, kada ki gaya wa kowa. Ranar da Dada ta faɗi, ni ce a kusa da ita. Ina yi mata kitso. Hannuna na kanta." Ta kalli tafin hannunta. "A asibitin an ce akwai na'urori a jikinta. In na matsa kusa fa?"

Na ce ba haka ba ne.

Ta ce, "Ke ina kika sani? Ke da kika shiga ai shiru ya yi."

Na tashi na shiga bayi na rufe. Na daɗe. Inna ta buga ƙofa ta ce ko gudawa nake.

Lahadi, da yamma

Tawa ce waƙar. Ni na fara haddace ta. Ni na shekara biyu. Ban taɓa ta ba, ban ce komai a kanta ba, ko kalma ɗaya. Ban yi komai ba. Abin da na yi ke nan, ban yi komai ba.

Gobe Hamma zai kai wa Malama.

Litinin, 2 ga Afrilu, bayan Azahar

Da safe Hamma na sa takalmi zai fita da waƙar. Na yi ta shirya maganar tun Asuba, da na buɗe baki ba abin da ya fito. Sai na kama hannun Ruƙayya. Ta fizge, ta ce kada in taɓa ta. Na sake kamawa da hannu biyu na ja ta har ƙofar situdiyo. Na ce da Hamma, "Ka kunna."

Ya ce, "Ke lafiya?"

"Ka kunna, Hamma."

Ban taɓa yi masa magana da irin muryar nan a wajen ɗakin ba. Ya kunna. Na cire takalmina, na ɗora tafin Ruƙayya a kan makirufo, nawa a kan nata. Tana kuka tana ja. Hamma ya sa abin kunne. Na sake ta, hannunta shi kaɗai a kan ƙarfen.

Ya ce, "Shiru."

Na kai su bakin lungu. Hamma ba ya iya shiga, kai kawai ya zura. Ƙasa jiƙe sharkaf, daddoya busasshiya kamar tsinke.

Ya ce, "Abar ta mutu. To wa kike shayarwa?"

Na nuna ƙarfen. Na faɗi abin da Malam Andrawus ya ce, ina kallon ƙasa. Ban san ko sun ji duka ba, muryar ta koma ƙarama.

Ya ji. Ya ce, "Yaushe kika daina?"

"Ranar da ta fara."

"Kwana nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Mantawa kika yi?"

Da na ce e da ya yarda. Na ga yana so in ce e.

Na girgiza kai.

Ya ce, "Kina kallona ina kwance wayoyi. Kina kallon Baba yana auna ɗaki." Ya zaro kansa daga lungun. "Ke kika riƙe mata ƙanƙara, Yelwa."

Ruƙayya ba ta kalle ni ba. Cewa take, "Ashe ba ni ba ce. Ashe ba ni ba ce." Ta tafi wurin firiza ta buɗe, ta rufe, ta dafa ta da hannu biyu. Ta kunna fitilar tsakar gida da rana tsaka, ta kashe, ta kunna. Inna ta fito tana tambayar abin da ya faru. Hamma ya ce, "Tambayi autarki."

Bai kai waƙar ba.

Talata, 3 ga Afrilu

Ruƙayya ta je asibiti da Baffa. Ta dawo ta ce wa Inna ta riƙe hannun Dada har ta matsa nata. Inna ta faɗa wa, ba ni ba. Ta ɗauke tabarmarta ta koma ɗakin Inna.

Inna ba ta dake ni ba. Da ta daka da ya fi. Ta sa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyar nan da kanta, ban san me ta gaya mata ba.

Laraba, 4 ga Afrilu, da yamma

Sun ɗauka yau, da rariya a gaba, da silifas a ƙafarta. Sau biyu ta yi.

Na yi zaton Hamma zai ce a haɗa mu, ko amshin nan da na raina. Bai ce ba. Na tambaye shi ina tawa. Ya ce tana nan cikin kwamfuta, bai goge ba, bai kuma san ranar da zai iya saurarenta ba. Bai ce min Auta ba.

Lahadi, 8 ga Afrilu, bayan walima

A can baya na zauna. Da aka sa waƙar filin ya yi tsit. Wata mata kusa da ni ta share ido ta ce, "Wannan 'yar wace ce?" Waɗanda suka ce mata Mai Wuta su ne suka fi kowa rige-rigen zama kusa da ita.

Na san kowane baiti. Leɓena na motsi a cikin hijabi.

Talata, 10 ga Afrilu, da hantsi

Baba ya sa an jera buhunansa a zaure. Islamiyyu biyu sun kawo sabon aiki, duka sun ce mai muryar walima suke so.

Ɗazu Ruƙayya za ta shiga ɗakin, ta tsaya a gabana ina wanke-wanke. Kwana takwas ke nan ba ta yi min magana ba.

Ta ce, "Kin ba shi ruwa?"

Na ce, "Yanzu zan je."

Ta ce, "To. Ina jira."

Ba ta shiga ba sai da ta ga na ɗauki bokitin. Ta gefen katifa na hango ta taɓa makirufo da bayan hannu tukuna, sau biyu, kafin ta matsa.

Sai ta fara. Ba ƙugi, ba komai, ita kaɗai. Har yanzu ta fi tawa. Har yanzu in ta kai sama kishi na taso min, ban san ranar da zai daina ba.

Na durƙusa na kara bakin bokitin da ƙasa, na zuba kaɗan-kaɗan, don kada ƙarar ruwan ta shiga waƙarta.